Kundin Aikin Sake Amfani da Mazuban Gida

Asabar, 6 ga Yuli, 2024

Yau na fara wannan aiki, kuma na ƙudurta rubuta duk abin da ya gudana a cikinsa, mai daɗi da marar daɗi, domin in riƙa auna ci gabansa da abin da na gani da idona. Abin da ya tunzura ni shi ne kwandon sharar gidanmu, wanda yake cika kafin a yi kwana uku, alhali yawancin abin da ke cikinsa mazubai ne lafiyayyu waɗanda abin da suka zo da shi kaɗai ya ƙare. Da safe na shimfiɗa tsohon buhu, na juye sharar mako guda da na sa aka tara mini, na ware ta kashi-kashi. Na ƙirga gorunan roba 23, gwangwanaye 14, robobi masu murfi 9, kwalabe masu faɗin baki 6 da jarkar man girki guda 1.

Wani bincike da aka buga a mujallar Science Advances a shekarar 2017 ya ƙiyasta cewa zuwa 2015 duniya ta zubar da sharar roba kimanin tan miliyan 6,300, kuma kashi 9 cikin 100 kacal aka sake sarrafawa, an ƙone kashi 12, sauran kashi 79 kuwa suna jibge a juji ko warwatse a ƙasa da ruwa. Wannan lissafi ya sa na daina kwantar da hankalina da tunanin cewa wani zai tsince abin da na zubar ya narkar da shi. Burina shi ne in rage yawan mazuban da ke fita daga gidan nan zuwa rabi cikin mako goma. A yanzu na ba da umarnin kada a zubar da kowane mazubi sai na gan shi.

Lahadi, 7 ga Yuli

Wanki kawai na yi. Takardun da ke jikin kwalabe sun saki bayan na jiƙa su sa'a biyu a ruwan ɗumi da sabulu, amma danƙon da ke ƙarƙashinsu ya ƙi fita. Da na shafa masa ɗan man girki na bar shi minti goma, sai soso ya kwashe shi tas. Na sayi buroshin wanke kwalba mai dogon hannu, da maka baƙa, wato alƙalamin rubutu mai kaurin baki, da tef ɗin takarda na rubuta suna. Su ke nan abin da na kashe wa kuɗi zuwa yanzu.

Talata, 9 ga Yuli

Kuskuren farko ya faru yau. Na so in kashe ƙwayoyin cuta a gorunan ruwa guda biyar, sai na tafasa ruwa na ɗura a ta farko ta mazurari. Kafin ta kai rabi sai na ga ta fara motsi a hannuna, cikinta ya shige, wuyanta ya karkace, ta tsuke ta koma kamar rabin girmanta, ruwan zafin kuma ya yi ambaliya ya zubo mini a bayan hannu. Na sa hannun cikin ruwan sanyi na tsawon minti ashirin, kuma da yardar Allah bai tashi ba, sai ja da ya yi.

Wannan ya sa na zauna na duba gindin kowace roba, inda ake samun ƙaramar alama mai siffar alwatika da lamba a tsakiyarta. Ƙungiyar masana'antun roba ta Amurka ce ta fito da wannan tsari a shekarar 1988, kuma lambobin daga 1 zuwa 7 suke. Gorar da ta narke mini lamba 1 ce, wato PET, wadda take fara laushi tun wajen digiri 70 a ma'aunin Salshiyas, alhali ruwa sai ya kai digiri 100 yake tafasa. Jarkoki da robobin sabulun ruwa yawanci lamba 2 ne, HDPE, masu kauri da juriya. Robobi masu murfi da yawa lamba 5 ne, PP, wadda ba ta narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 160, don haka ita ce ta fi jure ruwan zafi. Lamba 3 ita ce PVC, wadda ƙona ta ke fitar da hayaƙi mai guba, lamba 4 ita ce ta ledoji da yawa, lamba 6 kuma ita ce mai saurin tsagewa da ake yin kofunan sha-ka-yar da ita. Lamba 7 tarkace ce, duk abin da bai shiga shidan farko ba nan ake jefa shi, saboda haka ba ta gaya wa mutum komai game da abin da ke hannunsa.

Abin da na fahimta shi ne lambar tana faɗin irin robar ne kawai, ba ta ce za a iya zuba komai a ciki ba. Na tsara wa kaina cewa abin ci zai shiga kwalba ne, ko roba mai lamba 2 ko 5 wadda tun asali abin ci ta zo da shi, kuma babu abu mai zafi da zai sake shiga lamba 1.

Alhamis, 11 ga Yuli

Na zuba gishiri, sukari da busassun kayan ƙamshi a kwalabe shida, na rubuta suna da kwanan wata a kan tef na manna. Murfi biyu sun riƙe warin abin da suka zo da shi, don haka na jiƙa su a ruwan khal na kwana ɗaya, na shanya su a rana. Ɗaya ya saki, ɗayan bai saki ba saboda robar da ke cikin murfin ta sha warin, sai na mayar da kwalbarsa ta maɓallai da allurai.

Asabar, 13 ga Yuli

Na shuka iri a gwangwanaye goma da gindin gorunan roba takwas da na yanke da almakashi. Bakin gwangwani yana da kaifi sosai, ya yanke ni a ɗan yatsa tun a na biyu, saboda haka sauran sai da na bi bakinsu da guduma na danne kaifin kafin in zuba ƙasa. Na gwada maganaɗisu a jikinsu don in san waɗanne ne ƙarfe: ya manne wa na tumatir da na madara, bai manne wa na lemo ba, domin su alminiyom ne. Na ware na alminiyom gefe guda don masu sayen ƙarafa, tun da narkar da tsohon alminiyom yana cin kusan kashi 5 cikin 100 ne kawai na makamashin da ake buƙata wajen haƙo sabo da tace shi, kuma a ganina hakan ya fi amfani a kan in cika su da ƙasa.

Asabar, 20 ga Yuli

Shukar gwangwanaye bakwai cikin goma ta mutu. Sun tsiro da kyau a kwana na huɗu da na biyar, sannan aka yi ruwan sama kwana biyu a jere, sai na ga ƙananan tsiron sun kwanta, gindinsu ya yi siriri ya yi baƙi daidai inda ya haɗu da ƙasa. Da na juye ɗaya, ƙasar ta fito kamar taɓo tana wari, saiwar kuma ta ruɓe. Huda ɗaya tak na yi wa kowane gwangwani a tsakiyar gindinsa, kuma da yake na jera su a kan siminti, hudar ta toshe da ƙasa, ruwa ya rasa mafita. Saiwa tana buƙatar iska kamar yadda take buƙatar ruwa, idan ƙasa ta cika da ruwa ta kwana a haka iskar da ke tsakanin ƙwayoyinta takan ƙare.

Na zazzage su duka, na ɗauki ƙusa da guduma na yi wa kowanne huda biyar a gindi da biyu a gefe kusa da ƙasa, na ɗora su a kan katakai biyu don ruwa ya riƙa ɗiga. Akwai kuma batun tsatsa: duk inda ƙusa ta huda, ta fasa siririn rufin da ke kare ƙarfen, kuma tuni wajen ya fara ja. Na lura gwangwani ba zai wuce zango ɗaya na reno ba, sai a dasa abin da ke ciki a miƙa shi ga masu ƙarafa. Gorunan roba ba su da wannan matsala, amma da yake ana ganin cikinsu, hasken rana ya sa gansakuka ta fara kama bangonsu, don haka na naɗe su da tsohuwar jarida.

Laraba, 24 ga Yuli

Na sake shuka. Na yanke wata robar sabulun ruwa a karkace ta zama abin kwasar ƙasa, wata kuma na huda murfinta da allura mai zafi ta zama abin ban ruwa.

Asabar, 27 ga Yuli

Wannan ita ce rana mafi nauyi tun da na fara. Mako uku ke nan ina hana a zubar da komai, kuma abin da ban sama wa aiki ba ina tara shi a bayan ɗaki da niyyar zan waiwaye shi. Mun lura sauro ya yi yawa a 'yan kwanakin nan, har da rana tsaka yana cizo a ƙafa da idon sawu. Yau da na je ɗaukar wata roba, sai na tarar ruwan sama ya taru a cikinta kamar tsawon gaɓar yatsa biyu, a cikinsa kuma ƙananan tsutsotsi sun rataye a saman ruwan kai ƙasa, da inuwata ta faɗa musu sai suka murɗa jiki suka nutse gaba ɗaya. Na bi sauran ɗaya bayan ɗaya, na samu tsutsa a mazubai goma sha ɗaya, har da wani murfin jarka da ruwan cikinsa bai wuce cokali biyu ba.

Sauron da na kashe a hannuna baƙi ne mai ratsin fari a ƙafafu, irin siffar wanda masana ke kira Aedes, mai yaɗa zazzaɓin dengi da zazzaɓin shawara. Irin wannan sauro ya fi son ƙananan mazubai na kusa da mutane, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai tashi kwana bakwai zuwa goma ne kawai idan akwai ɗumi. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne macen tana manna ƙwanta a jikin bangon mazubin, sama kaɗan da ruwa, kuma ƙwan yana iya yin watanni a bushe bai mutu ba, da zarar ruwa ya sake taɓa shi sai ya ƙyanƙyashe. Ashe zubar da ruwan kaɗai bai isa ba. Na juye ruwan a busasshiyar ƙasa cikin rana, na goge cikin kowane mazubi da buroshi da sabulu, na kife su a ƙarƙashin rumfa. Aikin ya ci mini wuni guda da bokitin ruwa shida.

Na fara aikin nan don in rage cutarwa, sai ga shi na kafa wa sauro wurin haihuwa a bayan ɗakin da 'ya'yana ke kwana. Tarin da ke bayan ɗakin shara ce da na canja wa wurin zama, ban rage ta ba ko kaɗan.

Lahadi, 4 ga Agusta

Dole in rubuta abin da ya faru jiya dalla-dalla. Robar bilic ɗinmu ta tsage a gefe, sai na juye sauran a wata gorar lemo da na wanke, na ajiye a ƙasan wurin wanke-wanke da niyyar zan rubuta mata suna idan na gama abin da nake yi. Ban rubuta ba. Da la'asar sai na ji babbar 'yata ta ɗaga murya tana cewa, "Umma, zo ki ga abin da ke hannun auta!" Na tarar da shi zaune ya rungume gorar, yana ƙoƙarin murɗe murfin da haƙoransa. Allah ya kiyaye, murfin bai buɗe ba. Har dare jikina bai daina rawa ba.

Ko da na rubuta sunan, yaro ɗan shekara biyu ba ya karatu, siffar gorar ya sani, kuma a wurinsa duk abin da ke cikin irin wannan gora abin sha ne. Ta haka yara da yawa ke shan kananzir da sinadaran wanki, kuma idan hakan ta faru ba a sa yaro amai, domin abin zai sake ƙona maƙogwaro ko ya shiga huhu, asibiti ake garzayawa da shi tare da mazubin. Akwai ma dalilin da ya sa ake sayar da bilic a roba mai kauri da haske ba ya ratsawa, saboda haske yana rage masa ƙarfi.

Daga yau na kafa doka biyu da ba za su canja ba. Babu wani sinadari da zai shiga mazubin abin ci ko abin sha. Haka kuma duk mazubin da ya taɓa ɗaukar maganin ƙwari, man inji, fenti ko sinadarin wanki ba zai ɗauki abin ci ko ruwan sha ba komai yawan wankin da aka yi masa, domin roba tana tsotse wani abu daga cikinsu ta riƙa sakinsa a hankali. Robar maganin feshin lambu da na samu a cikin tarin na ɗauraye ta sau uku, na huda gindinta don kada wani ya tsince ta ya ɗebi ruwa da ita.

Asabar, 10 ga Agusta

Na shafe mako ina tunani, kuma na canja tsarin aikin daga tushe. Ba zan ƙara ajiye mazubi don wai wata rana zai yi amfani ba. Kafin ya zauna a gidan nan sai ya amsa tambaya ɗaya: wane abu ne da zan saya, ko wace leda ce da zan karɓa, shi ya maye gurbinsa? Idan babu amsa cikin mako guda, zai tafi inda za a yi amfani da shi. Na ware kwali ɗaya a cikin ɗakin ajiya, duk abin da ke jiran aiki nan zai zauna, a wanke, a bushe, idan kwalin ya cika kuma ba a ƙara wani sai an fitar da wani.

Na tankaɗe tarin bayan ɗaki da wannan ma'auni. Gorunan roba 41 na cire musu murfi, na taka su suka lotse, na ɗaure a buhu na ba mai tattara roba. Gwangwanaye na ba mai sayen ƙarafa. Kwalabe takwas wata maƙwabciyata ta karɓa da murna, ita da ma tana nema. Abin da ya rage a hannuna bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na tarin ba, kuma kowanne na san aikin da zai yi.

Laraba, 14 ga Agusta

Na dasa tsiro goma sha huɗu da suka rayu daga shuka ta biyu. Wasu robobi biyu marasa kauri da suka yi wata guda a rana sun yi fari, da na matsa ɗaya sai ta farfashe a hannuna, sai da na tsince gutsattsarinta daga cikin ƙasa ɗaya-ɗaya. Hasken rana yana karya jikin roba, don haka irin waɗannan ba za su ƙara zama a waje ba.

Alhamis, 22 ga Agusta

Wata asarar kuma. Kwana tara da suka wuce na zuba wake a jarkar man girki mai lita 5, bayan na wanke ta sau uku na kife ta wuni guda. Hikimar ita ce idan aka cika mazubi taf aka toshe shi yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin da ke cikin hatsin za su shanye ɗan iskar da ta rage su mutu ba tare da an sa magani ba. Yau da na ɗaga jarkar sai na hango tururi ya kwanta a bangonta ta ciki, da na buɗe kuma warin fumfuna ya buge ni. Waken da ke sama kusa da mariƙi ya dunƙule, farin gashi ya lulluɓe shi.

Na bincika na gano inda ruwan ya fito. Mariƙin jarkar rami ne da ke haɗe da cikinta, kuma idan aka kife ta ruwa yakan maƙale a lanƙwasarsa, ba a ganinsa daga baki. Da na karkata ta gefe bayan na zazzage waken, sai ga ruwa kusan cokali guda ya gangaro. Na zubar da duk abin da fumfuna ta taɓa da wanda ke kewaye da shi, kusan kashi ɗaya cikin uku, ban ba ko dabba ba, domin wasu nau'o'in fumfuna suna barin guba a cikin hatsi wadda dafuwa ba ta kashewa. Wannan ita ce asara mafi tsada a aikin gaba ɗaya, ta fi kuɗin buroshi da maka da tef a haɗe.

Lahadi, 25 ga Agusta

Na sake gwadawa da sabon wake. Jarkar ta yi kwana uku a buɗe a inda iska ke kaɗawa, ina juya ta kowane gefe safe da yamma. Shi kansa waken sai da na gwada bushewarsa: na zuba busasshen gishiri cokali biyu da ɗan waken a busasshiyar kwalba, na rufe na girgiza, na bar ta ta ɗan zauna. Idan gishirin ya manne a jikin gilashin, hatsin yana da sauran danshi. Karo na farko ya manne, sai na ƙara shanya waken kwana biyu, a karo na biyu gishirin ya zube ƙasa bai kama ba. Na cika jarkar har wuya ina bubbuga ta don ya zauna, na shimfiɗa 'yar leda a baki kafin in murɗa murfin, na rubuta kwanan wata. Ba zan buɗe ta ba sai ta yi wata guda.

Lahadi, 1 ga Satumba

Babu wani sabon abu. Na zagaya gidan bayan ruwan sama, ban samu ruwa kwance a komai ba. Babu tururi a jikin jarka.

Asabar, 7 ga Satumba

Na sake juye sharar mako guda a kan buhu kamar ranar farko. Gorunan roba 6, gwangwanaye 9, robobi masu murfi 2, babu kwalba ko ɗaya. Jimilla 17 ke nan, a maimakon 53 na ranar 6 ga Yuli, wato an wuce rabin da na sa wa kaina. Amma da na duba inda ragin ya fito, sai na ga ba daga tukwanen shuka ko abin kwasar ƙasa ba ne, domin gida ɗaya ba ya buƙatar irin waɗannan fiye da 'yan kaɗan, da zarar an yi su an gama. Yawancin ragin ya zo ne daga mazuban da suke komawa a sake cika su: kowa a gidan yanzu yana da gorarsa mai ƙarfi da yake ɗura ruwa daga gida, jarkar mai guda ɗaya ce ke zuwa tana dawowa, kayan awo kuma a robobina masu murfi ake zuba mini su. Kwalba ce ta fi kowanne cika alƙawari, ba ta riƙe wari, ba ta tsatsa, murfinta kaɗai ke gajiya.

Gwangwanaye ne suka ƙi raguwa sosai, kuma ban ga wani aiki mai ɗorewa da zan ba su ba, tun da abin ci ba ya zama a buɗaɗɗen gwangwani, ƙasa kuma tana cinye su.

Asabar, 14 ga Satumba

Mako goma sun cika yau. Mataki na gaba zai ɗauki mako shida, kuma zai fi karkata ga abin da ke shigowa gidan. Zan gwada sayen babban gwangwani ɗaya a maimakon ƙanana huɗu, in juye abin da ya rage a kwalba in sa a firji, sannan in ga ko yana ƙarewa kafin ya lalace, domin idan abin ci zai riƙa zubewa to ba a rage komai ba. Zan nemi murafun da za su maye gurbin guda uku da suka fara tsatsa a kan kwalabe. Akwai tsohon bokitin fenti mai lita 20 da nake so in huda in fara tara ɓawon kayan lambu a ciki don yin takin furanni, amma sai na kankare busasshen fentin da ke bangonsa tukuna, kuma zai zauna a ƙarƙashin rumfa da murfinsa. Jarkar wake za a buɗe ta ranar 25 ga wata, ƙirgar shara ta gaba kuma ranar Asabar, 5 ga Oktoba.